Tambayi Likita: Ina da gyambon hanji, Flagyl da sifro sun daina min aiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, barka da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Ni mace ce shekarata 34 da yara uku, shekara huɗu kenan da aka saka min kyamara ta ƙasa aka ce ina da gyambon babban hanji irin wanda baya warkewa gaba ɗaya sai dai ya lafa ya dawo, aka ɗora ni akan mesalazin da azatiyofirin, in ya tashi sosai a ƙara min firednisolon. Toh gaskiya bazan ɓoye maka ba, duk sanda naji cikina ya fara murɗawa zawo ya fara bana jiran ranar asibiti, Flagyl da sifro nake haɗawa in sha kwana uku ko huɗu in naji sauƙi in ajiye sauran sai wani lokacin, a bana kaɗai nayi haka yakai sau biyar. Watan da ya wuce nayi ciwon fitsari akayi gwaji aka ce sifro bazai min aiki ba sai allura, akai min allurar kwana biyar. Yanzu kuma sati biyu kenan ina zawo kamar ruwa sau takwas sau tara a rana har cikin dare, nasha Flagyl ɗin ba wani canji. Dan Allah jikina ne ya saba da magani? Kuma wata ƙawata tace azatiyofirin ɗin ne ke cinye min garkuwar jiki wai in daina sha. Ka taimaka min da shawara. Daga wata 'yar'uwarku.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya baki lafiya ya sa kaffara ne. Kafin ma in fara dogon bayani, in har zawon nan bai tsaya ba lokacin da kike karanta wannan to ki ajiye mujallar ki tafi asibiti yau, ki ce musu kina da gyambon hanji, kina shan azatiyofirin, kuma kin sha antibayotik kala kala a 'yan watannin nan, ki roƙi a gwada bahayarki a nemi ƙwayar cutar da ake kira C. diff. Kar ki sha maganin tsaida zawo irin loferamid, kar kuma ki ƙara wa kanki firednisolon da ka. In akwai zazzaɓi, ko ciki ya kumbura yayi tauri, ko jini ya ƙaru, ko jiri na ɗibarki in kin miƙe, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare ne.

Toh yanzu maganar sabo. Ba jikinki ne ya saba da magani ba, wannan kuskure ne da kusan kowa keyi har da masu ilimi. Ƙwayoyin bakteriyar dake zaune a jikinki ne suka koyi kaucewa maganin. A cikin hanjin kowane ɗan adam akwai bakteriya tiriliyoyi, yawancinsu ma amfani suke mana, su taya narkar da abinci, su tare waje kar mugaye su samu wurin zama. Duk sanda kika haɗiyi sifro baya tambayar wace ce mai laifi wace ce mara laifi, duk wadda bata da ƙarfi zai kashe, sai ya bar 'yan tsirarun da dama Allah yayi su da wata dabarar tsira, wasu suna fitar da wani sinadari dake farfasa maganin, wasu suna da wani abu kamar famfo da suke tofar da shi waje, wasu kuma sun canza ƙofar da maganin ke kamawa. Waɗannan da suka rage fili ya zama nasu, kuma bakteriya irin E. coli in ta samu yadda takeso cikin kamar minti 20 take rabuwa biyu, kinga kafin kwana biyu sun cika gida. Abin da yafi ban haushi ma suna iya miƙa wa junansu wannan dabarar kamar yadda ɗalibai ke miƙa satar amsa, ko da ba jinsi ɗaya bane. Ciwon fitsarin da kikayi kuwa mafi yawanci E. coli ɗin hanjin mutum ce ke tsallakawa ta shiga mafitsara, wato wadda kikayi ta horarwa da sifro sau biyar ita ce ta zo miki ta wata ƙofar, shi yasa ta kalli sifro tayi dariya.

In kin duba takardar gwajin nan da aka baki zaki ga jerin sunayen magunguna, gaban kowanne an sa S ko R. Yadda akeyi a lab shine a shafa fitsarin a wani ɗan faranti mai abincin ƙwayoyin cuta a barshi a ɗumi su tsiro, sannan a sake shimfiɗa su a wani farantin a ɗora musu 'yan ƙananan takardu zagayayyu kowacce da maganin da aka jiƙa ta da shi. Washegari in ka ɗaga farantin a haske zaka ga wata takardar an yi mata da'ira fes, ƙwayoyin sun ja baya sun bata waje, wannan shine S, maganin na aiki. Wata kuma zaka ga sun tsiro har jikinta ba ko kunya, wannan shine R. Aikin yana cin kwana biyu zuwa uku, kuma nasan jiran yana da wuya ga mai ciwo, amma shine bambancin harbi da ido buɗe da harbi a duhu. Ki adana takardar nan, duk likitan da zai rubuta miki antibayotik nan gaba ki nuna masa.

Wannan matsalar ba taki bace ke kaɗai. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin bakteriya da suka bijire wa magani, kuma suna da hannu a mutuwar kusan miliyan 5. Shi kansa Alexander Fleming da ya gano fenisilin a 1928, da ya je karɓar kyautar Nobel a 1945 sai da yayi gargaɗin cewa in mutane suka riƙa shan maganin ƙasa da yadda ya kamata ƙwayoyin zasu saba dashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2017 ta raba antibayotik gida uku, na yau da kullum, na taka tsantsan, da na ajiya wanda sai an rasa yadda za'ayi, kuma sifro ɗin nan da kike sha kamar alewa yana gida na biyu ne.

Amma ku masu kumburin hanji, ko gyambon babban hanji ne ko ɗan'uwansa ciwon Kron, abin ya fi shafarku fiye da kowa, kuma dalilan sun taru ne sun haɗu. Bangon hanjin da ya kamata ya zama katanga yana da miki a jikinsa, ƙwayoyin cuta na samun hanyar kutsawa. Bakteriyar kirki ta cikin hanjinku dama ta ragu tun kafin a sha komai. Ga magungunan dake danne garkuwa, ga yawan kwanciya asibiti da ƙarin ruwa da tiyata da robar fitsari, wanda nan ne matattarar ƙwayoyi masu taurin kai, ga rama da ƙarancin jini in ciwon ya daɗe. Ma'ana ke kin fi maƙwabciyarki yiwuwar wata rana ki buƙaci antibayotik na gaske wanda rai ya dogara dashi, to kinga ke ce ya kamata kifi kowa rowarsa.

Sai babban abin da nakeso ki riƙe. Tashin gyambon hanji ba bakteriya ke kawo shi ba, garkuwar jikinki ce ta rikice take yaƙar bangon hanjinki, saboda haka Flagyl da sifro basa kwantar da shi. Sauƙin da kike ji bayan kwana uku wataƙila dama can zai lafa da kansa, ko mesalazin ɗin ne ke aikinsa sifro yana karɓar godiya. Kuma zawo mai jini da majina ba fuska ɗaya gareshi ba, yana iya zama tashin ciwon, yana iya zama atini na amiba, yana iya zama salmonela ko makamantanta, yana iya zama wani bairos da ake kira CMV dake farkawa a hanjin wanda aka danne wa garkuwa, yana iya zama C. diff. Wallahi ko likitan da ya shekara talatin yana aikin hanji bazai iya rabe su da ido ba sai da gwaji, balle ke dake murƙususu a ɗaki. Kuma maganinsu kishiyar juna ne, siteroyid irin firednisolon da zai kwantar da tashin ciwo in aka bawa mai amiba ba tare da an kashe amibar ba yana iya kaiwa ga hanji ya huje.

Dalilin da yasa nafi zargin C. diff a naki shine labarin ya yi kama sosai. Cikakken sunanta Clostridioides difficile, tana iya zama a hanji shiru ba ta da ta cewa saboda maƙwabta sun mata yawa, ranar da antibayotik ya share maƙwabtan sai ta bazu ta fara zuba dafi dake ƙona bangon hanji. Magungunan da suka fi buɗe mata ƙofa sune dangin sifro, da kilindamaisin, da dangin seftirayakson wanda in zan yi hasashe irinsa ne allurar da akai miki, kuma tana iya bayyana har bayan sati da yawa da gama shan maganin. Masu gyambon hanji kuwa tana kama su ko ma basu sha antibayotik ba, kuma in ta kama su tafi tsanani tafi yawan dawowa. Magungunan rage asid na ciki irin omefirazol suma ana danganta su da ƙarin haɗarinta, in kina sha ba tare da wani dalili mai ƙarfi ba ki tambayi likitanki ko akwai buƙatar ci gaba.

In gwaji ya tabbatar, abin mamaki maganinta shima antibayotik ne, amma wanda aka zaɓa. Da can Flagyl ake bayarwa, yanzu an matsar dashi baya musamman ga masu irin ciwonki saboda yana yawan gazawa, bankomaisin na sha ake bayarwa sau huɗu a rana har kwana 10, ko fidaksomaisin sau biyu a rana. Lura nace na sha, domin bankomaisin na allura baya isa cikin hanji inda take. Masu yawan dawowa har dashen bakteriyar hanjin mai lafiya ake musu, eh daga bahayar wani da aka tantance, nasan kin yamutsa fuska amma yana aiki ƙwarai.

Maganar ƙawarki kuma, na yarda tana sonki amma kar ki bi. Gaskiya ne azatiyofirin na rage garkuwa kuma yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, shi yasa ake gwajin jini akai akai ga mai shansa, in an daɗe ba'a miki ba ki tuna musu. Amma in kika yar dashi da kanki abinda zai biyo baya shine ciwon ya tashi da ƙarfi, a kwantar dake, a loda miki siteroyid, kuma a cikin duk magungunan nan ni a wurina firednisolon ne babban ɓarawon garkuwa, musamman miligiram 20 ko fiye a rana na sati biyu zuwa sama, kuma haɗarin na ninkuwa in aka haɗa shi da wasu masu danne garkuwar. Ga shi da wata muguwar ɗabi'a ta ɓoye zazzaɓi, mutum na ɗauke da cuta a jini amma jiki ba zafi. Ciwon da aka bari yana ci shi kansa haɗari ne. Akwai lokacin da likita zai ce a dakata da azatiyofirin na ɗan lokaci in ana fama da wata cuta mai tsanani, wannan hukuncinsa ne bayan ya ga jininki. Shi kuma firednisolon in an daɗe ana sha ba'a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake saukowa. Mesalazin dai ki kwantar da hankalinki, baya cikin masu danne garkuwa.

Sauran ƙwayoyin da kika ajiye a jaka ko a durowa ki tattara ki kai wa likitan ya gani, zai taimaka masa ya san me da me kika sha. Nan gaba in an rubuta miki antibayotik ki tambaya na kwana nawa ne kuma ki cika kwanakin daidai, kar ki rage kar ki ƙara. Sannan ki guji antibayotik ɗin nan Septrin sai da sanin likitan hanjinki domin haɗuwarsa da azatiyofirin, ballantana metotireksat wanda shima maganin danne garkuwa ne, na iya durƙusar da ɓargo. In ciwon jiki ne ma ibufurofen da dikulofenak suna iya tayar miki da hanjin, farasitamol ya fi miki.

TAMBAYA: Salam likita. Ni ciwon Kron gareni kuma ya fitar min da wani ƙurji kusa da dubura da yaƙi rufewa kullum yana yoyon mugunya. Likitana ya ɗora ni akan sifro da Flagyl yau sati biyar, yace kuma zai fara min wani ƙarin ruwa mai suna infiliksimab amma sai nayi hoton ƙirji da gwajin tarin fuka da na ciwon hanta, alhali ni ko tari banayi. Ba ɓata lokaci bane wannan? Kuma kwana biyun nan tafin ƙafata na min kamar ana tsira min allura. Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa alaikas salam ɗan'uwa. Wanda ya karanta amsar sama zai ce to ga wani an bashi irin maganin da na hana waccan, eh an bashi, domin nan wurinsu ne. A ciwon Kron in an samu yoyo ko tarin mugunya, bakteriya na da hannu dumu dumu, kuma sifro da Flagyl na rage yoyon da zafin. Sai dai su kaɗai ba kasafai suke rufe ramin ba, da an daina yakan dawo, gada ce kawai kafin a kai ga babban maganin, kuma in akwai mugunya da ta taru a ciki sai likitan tiyata ya buɗe ta fita, wani lokacin ya zura wani zare ya barshi a ramin don ya riƙa tsiyaya.

Tsirar allurar nan ta ƙafa kar ka raina ta, ka kira likitanka yau. Flagyl in aka daɗe ana sha yana taɓa jijiyoyin ƙafa da hannu, in an tsaida shi da wuri yawanci yana komawa daidai, in aka yi ta ja kuwa yana iya zama. Shima sifro yana da nasa, yana iya raunana jijiyar agara har ta tsinke, musamman ga mai shan siteroyid, in kaji ciwo a bayan dunduniya ka faɗa.

Gwaje gwajen kuwa ba ɓata lokaci bane, likitanka ya san aikinsa. Infiliksimab tun 1998 aka amince dashi a Amurka don ciwon Kron kuma yana cikin waɗanda suka fi rufe irin yoyon nan, yadda yake aiki shine ya toshe wani sinadarin garkuwa da ake kira TNF. To shi TNF ɗin nan shine mai gadin kurkukun da jiki ke kulle ƙwayar tarin fuka a ciki. Mutane da yawa a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, sun taɓa kamuwa da ƙwayar, da yawansu tana kwance a jikinsu tana barci ba tari ba komai. Ka kori mai gadi fursuna ya fito, kuma in ya fito a irin wannan yanayin ba lallai a huhu kaɗai zai tsaya ba. In an ganta tana barci sai a fara maka maganinta tukun sannan a saka ƙarin ruwan. Akwai ma wani dalilin, tarin fuka na hanji yana kama da Kron kamar an tsaga kara, gara a tabbatar. Haka ciwon hanta nau'in B, yana iya farkawa ya lalata hanta in an danne garkuwa ba'a bada maganin kariya ba.

Tunda ba'a fara ba tukuna, yanzu ne lokacin da zaka tambayi rigakafi. Na mura, na limoniya, na hanta B, waɗannan babu ƙwaya mai rai a cikinsu ana iya yinsu ko an fara maganin, duk da sun fi kamawa in anyi kafin. Masu ƙwaya mai rai irin na shawara da na ƙyanda da na ƙarambau su kuma ba'a yinsu in an riga an danne garkuwa, in ana buƙata sai dai kafin a fara da wasu makonni.

TAMBAYA: Likita mijina ne ke da gyambon hanji kuma an ce ya kamu da C. diff ɗin nan, ni da yara zamu iya ɗauka? Na sayi sanitaiza kowa na shafawa. Daga uwargida.

AMSA: Uwargida sannu da jinya. Gyambon hanjin kansa ba'a ɗaukarsa ko kwano ɗaya kuke ci. C. diff ce ake iya ɗauka, ta hannun da ya taɓa bahaya ko abin da bahaya ta taɓa ya kai baki, duk da mai lafiyar da baya shan antibayotik ba kasafai take kwantar dashi ba. Sanitaiza kuma ki ajiye shi gefe a wannan karon, ƙwayar tana shiga wani ƙoƙo mai tauri da sinadarin sanitaiza baya fasawa kuma tana iya yin watanni a jikin abu tana jira. Sabulu da ruwa ne, a cuɗa sosai a ɗauraye, bayan fita bayi da kafin cin abinci, shi da ku duka. Bayin da marfinsa da hannun ƙofa da kan famfo a riƙa goge su da ruwan bilic kullum, tawul ɗinsa daban, kayan da suka ɓaci a wanke su daban da ruwan zafi. In da hali ya riƙa amfani da bayi nasa shi kaɗai har zawon ya tsaya da kwana biyu. In a gidan akwai tsoho ko wani dake shan antibayotik a yanzu kuma zawo ya kama shi, a kai shi asibiti a faɗa musu akwai mai C. diff a gida.